Tambayoyi da amsoshi kan sa sabon fistan a mashin mai 2T da yadda za a hana shi kamawa

Yawancin masu zuwa da wannan matsalar labarinsu ɗaya ne, an sayi fistan mai tsada an ɗaura an fita gwaji, ko sati bai rufa ba ya sake kamawa, sai a ce ai kayan jabu ne ko bakanike bai iya aiki ba. Wani lokacin haka ɗin ne, amma sau da yawa abin da ya kashe na farkon ne bai fita daga cikin injin ba, yana nan yana jiran na biyu. Ga tambayoyin da samari masu wasa da babur da yaran gareji suka fi yi a nan Zariya, daga Sabon Gari har Tudun Wada da Samaru.

Oga me ke faruwa a cikin inji in fistan ya kama?

Fistan alminiyam ne, cikin silinda kuma a irin mashinanmu na nan su Jincheng da Suzuki AX100 da Yamaha RX da DT ƙarfe ne, kuma in zafi ya taɓa su alminiyam na kumbura kusan ninki biyu na ƙarfe. Fistan mai faɗin milimita 50 in zafinsa ya ƙaru da digiri 100 zai buɗe da wajen milimita 0.1, ƙarfe mai wannan faɗin kuwa rabin haka kawai zai ƙara. To ratar da ake bari tsakaninsu tun farko wajen 0.05 ce, kamar kaurin silin gashi ɗaya, kuma cikin wannan 'yar ratar ne mai ke kwanciya ya hana su gugar juna. Duk ranar da fistan ya riga silinda kumbura ko man ya yanke, sai jiki ya haɗu da jiki, alminiyam ya soma narkewa yana mannewa a bango, ringi ya maƙale a raminsa, tayar baya ta tsaya cak.

Abin ya fi damun mai 2T saboda shi duk juyi ɗaya na karanshaf sai wuta ta tashi a kan fistan, ba hutu irin na Boxer, ga hayaƙi mai zafi na bi ta gefen kansa yana fita ta tagar salansa, sannan ba shi da wani baƙin mai kwance a ƙasa da ke fantsama masa. Man da ya shigo tare da fetur shi ke nan abin da yake da shi, kuma fetur ɗin da kansa shi ke sanyaya shi.

Wanne ya fi, fistan na zubi ko na ƙira?

Na zubi shi ne wanda aka narka alminiyam aka zuba a mazubi, yawancin wanda kamfani ke sawa a sabon mashin irinsa ne, yana da sinadarin silikon da yawa saboda haka ba ya kumbura sosai, shi ya sa ake iya matse ratarsa. Aibinsa in ya tsufa ko ya sha duka yakan tsage ya fashe, gutsattsarin su gangara ƙasa su ɓata boris. Na ƙira kuwa dunƙulen alminiyam ne ake matsewa da ƙarfin inji har ya ɗauki siffa, ya fi juriya, ba ya saurin fashewa, amma ya fi kumbura, dole a ba shi rata mai ɗan yawa kuma dole a riƙa ɗumama inji kafin a ja. Wiseco na Amurka da Wössner na Jamus an san su da na ƙira, Vertex na Italiya da ProX an fi saninsu da na zubi.

Ni a ganina in dai ba ka taɓa tagogi ba, ba ka rage kan silinda ba, kuma kai mutum ne mai gaggawa wanda zai buga kik ya wuce, na zubi mai kyau ya fi maka rufin asiri. Na ƙira na wanda ya taɓa injinsa ne kuma yake da haƙuri. Tsadarsa ba za ta hana shi kamawa ba, a hannun mara haƙuri ma ya fi saurin kamawa da safe.

Faɗinsu ɗaya ne, ba zan iya sa na RX100 a AX100 ba?

E, duka biyun milimita 50 ne, amma faɗi abu ɗaya ne kawai cikin abubuwan da ake dubawa. Ka ajiye tsohon da sabon a kan tebur, ka zura gojin fin ɗaya ya ratsa su duka biyun in kaurin ya yarda, ka duba tsawo daga fin zuwa kai ko ya yi daidai, don in sabon ya fi tsawo zai iya dukan kan silinda, in ya gaza kuma kwamfireshan ya faɗi, lokacin buɗewar tagogi ma ya canza. Ka duba tsawon siket, musamman a injin da fistan ne da kansa ke buɗe tagar shigar mai. Ka duba ko injinka mai rid balb ne da ke buƙatar huji a jikin siket. Abin da aka fi mantawa kuma shi ne 'yan ƙusoshin nan da ke cikin ramin ringi masu hana shi juyawa, an dasa su ne a inda bakin ringi zai bi bango lafiyayye, in ka sa fistan na wani mashin suka faɗo saitin taga, bakin ringin zai leƙa ciki ya karye.

Yaya ake auna ratar, kuma me zan faɗa wa mai borin?

Kar ka kai silinda borin sai fistan ɗin yana hannunka. Mutane da yawa sai su ce a yi musu 0.50 sannan su tafi kasuwa neman fistan, wannan baibai ne, ana yanka silinda ne daidai da fistan ɗin da za a sa, don biyu masu lamba ɗaya ma kan ɗan bambanta. Girman da ake samu bayan sitanda yawanci 0.25 ne da 0.50 da 0.75 da 1.00, kuma ka ɗauki mafi ƙanƙanta da zai share zanen don ka bar wa gaba.

Fistan ba zagaye yake cif ba, kansa ya fi siket ƙanƙanta don nan ne ya fi zafi, saboda haka a siket ake aunawa da maikiromita, kusa da ƙasa, ta gaba da baya ba ta gefen fin ba. Silinda kuma a auna ta sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. Adadin ratar yana jikin kwalin ko takardar cikinsa in fistan ɗin na kirki ne, shi za ka bi ba na littafin mashin ba in sun saɓa. A ƙananan injina na zubi yakan faɗa tsakanin 0.04 da 0.06, na ƙira ya ɗan ɗara. Zancen a zura fistan a ga yana zamewa da kansa a hankali wai ya yi, wannan ba awo ba ne, hannu ba ya jin bambancin 0.03 da 0.06 alhali ɗaya kamawa ne ɗaya lafiya.

Bayan borin bakin tagogi kan yi kaifi, dole a ɗan kashe kaifin da ƙaramin fayil ko sanfefa, in ba haka ba zai riƙa yankar ringi. In tagar salansa tana da ginshiƙi a tsakiya shi ma a ɗan rage shi kaɗan, don ya fi ko'ina zafi yana kumburowa ciki, wasu fistan na ƙira ma takardarsu na cewa a huda ƙananan huji a siket saitin ginshiƙin don mai ya samu wucewa.

Sai wanki, kuma a nan ne ake yawan ha'inci. Fetur ba ya fitar da garin dutsen honin daga cikin zanen bango. Ruwan zafi da omo da buroshi za ka sa, ka shanya nan take, ka ɗiga 2T a farin ƙyalle ka goga ciki. In ƙyallen ya fito da toka-toka ka koma ka sake wankewa, sai ya fito fari tas.

Nawa YZ125 ne na Baljiyam, mai borin ya ce ba ya yankuwa, gaskiya ne?

Gaskiya ya faɗa maka, kuma ka gode masa da bai gwada ba. Mashinan tsere na zamani irin su YZ125 da YZ250 da KTM silindarsu alminiyam ce aka shafe cikinta da wani siririn rufi mai tauri, wanda aka fi sani shi ne Nikasil da kamfanin Mahle na Jamus ya fito da shi a 1967. In aka yanka rufin ya tafi, fistan zai koma gugar alminiyam tsirara. Irin waɗannan fistan ɗinsu na zuwa ne da harafi, A da B da C da D, tsakanin kowanne da na gaba milimita 0.01 ne kawai, ka duba harafin da ke jikin silindarka ko ka auna. In rufin ya ɓare, ko dai a sake shafa shi, ko a dasa mata hannun riga na ƙarfe, ko a sayi wata.

Ringi sabo ne fil daga kwali, shi ma sai na auna?

Sai ka auna. Ka sa ringin shi kaɗai cikin silinda, ka tura shi da kan fistan kamar santimita ɗaya ko biyu don ya zauna daidai, ka zura fila geji a bakinsa. Abin da aka saba bi shi ne aƙalla milimita 0.1 ga kowane milimita 25 na faɗin silinda, wato mai 50 kar ya gaza 0.2, in takarda ta faɗi nata ka bi nata. In ya matse, da ya yi zafi bakunan za su haɗu, ba inda zai je sai ya tokare bango. Ka goge bakin da fayil a hankali. Gefen da ke da harafi ko lamba shi ke kallon sama. Kuma akwai ringi mai kwance akwai mai ɗan gangare a samansa, ba a musanya su.

Kibiyar da ke kan fistan ina take kallo? Kilif ɗin tsohon kuma ai lafiyarsa lau.

Kibiya salansa take kallo a kusan duk mai 2T. Kilif kuma ko ya yi kyau a ido a jefar da shi, wanda aka taɓa matsewa aka cire ya rasa ƙarfinsa, kuɗinsa bai kai na kwalbar lemo ba amma in ya fita zai tona rami a bangon silinda daga sama har ƙasa. Ka toshe bakin karankes da tsumma kafin ka fara, ka sa sabon har ka ji ya faɗa raminsa, buɗaɗɗen bakinsa ya kalli sama ko ƙasa, ba gefe ba. Ƙaramin boris na kan kwanrod shi ma a canza shi tare da fin. Tunda kana wurin ka kama kwanrod ka ja sama ka danna ƙasa, in ka ji yana motsi ko kaɗan babban boris ya tafi, sabon fistan ba zai yi kwana ba. Motsin gefe da gefe kaɗan ba komai.

Mene ne gwajin dalma da ake ta faɗa?

Awon tazarar da ke tsakanin gefen kan fistan da kan silinda ne lokacin da fistan ya kai ƙololuwa. Duk wanda ya sa fistan da ba na kamfani ba ko ya canza kaurin gasket ya kamata ya yi shi. Ka samu wayar dalma irin ta masu gyaran rediyo mai ɗan kauri, ka lanƙwasa ta, ka zura ta ramin filogi har bakinta ya taɓa bango ta saitin gojin fin, hagu ko dama, don ta gaba da baya fistan na iya karkata ya ba ka ƙarya. Ka juya injin da hannu har ya wuce ƙololuwa, za ka ji ɗan tauri sannan ya sake. Ka zaro wayar za ka ga bakinta ya baje, nan za ka auna. A inji mai 125 yawanci ana neman wajen milimita 1, manya su fi haka. In ta yi ƙanƙanta da yawa fistan zai sumbaci kai in inji ya ɗau gudu, ko ya jawo nokin, sai a gyara da gasket mai kauri.

Ga tsohon fistan ɗin, ta yaya zan gane abin da ya kashe shi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, kuma don Allah a daina jefar da shi a kwata kafin a duba. Ka goge shi ka fita da shi rana ka juya shi a hannu.

In ka ga zane a kusurwa huɗu, biyu ta gaba biyu ta baya kusa da ramin fin, tsakiya kuma lafiya, to fistan ne ya cika silinda. Ko rata ta yi kaɗan, ko an ja mashin da sanyi, ko a mai lagireto ruwa ya ƙare. Wannan shi ya fi kama sabon fistan na ƙira.

In zanen ta gefen salansa ne kawai, ya faro daga sama wajen ringi ya gangaro, kan fistan ya bushe ya yi fari-fari ko toka, wani lokaci gefen ma ya zaizaye, zafi ne, fetur ya yi kaɗan iska ta yi yawa. A nemi jet, a nemi inda iska ke sata.

In ta gefen kafireto ne, siket ya yi dishi-dishi ya side kamar an bi shi da sanfefa, ringi ya cinye da wuri, ƙura ce ta wuce iya kilina. In kuma zane ne mai zurfi ta wannan gefen to mai ne ya yanke ko ruwa ya shiga ya wanke shi, abin da kan faru da damina in an faɗa kududdufi.

In gefen kan fistan da kan silinda sun yi tsaga-tsaga da ƙananan ramuka, nokin ne, daga mugun fetur ko tayimin da ya yi gaba ko kwamfireshan da ya wuce kima. In huji ne a tsakiya saitin filogi, zafi ya kai inda wuta ke tashi kafin lokacinta, a duba lambar filogi da tayimin da jet duka. In kuma ka ga tabo kamar an sassara kai da ƙusa, wani abu ne ya karye ya shiga, allurar boris ko guntun ringi ko kilif, sai an buɗe ƙasa.

Ka kifa shi ka leƙa cikinsa ma. Ɗan tabo ruwan ƙasa a ƙarƙashin kai ba laifi, amma baƙin ƙonanne mai faɗi na nuna ya daɗe yana dahuwa.

Da bazara lafiya lau yake, sanyi na shigowa ya kama, me ya haɗa su?

Jet. Iska mai sanyi ta fi nauyi, ta hunturu ga ta busasshiya, wato a kowane zuƙa inji na samun iska fiye da yadda yake samu a watan Afirilu, shi kuwa jet ramin da yake da shi bai canza ba. A Zariya da asubar Disamba ko Janairu zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, da rana a bazara kuma ya doshi 40, inji ɗaya da jet ɗaya ba zai yi daidai a duka biyun ba in dai an saita shi a kan gaɓa. Abin haushin ma shi ne a irin wannan safiyar mashin ya fi daɗi, ya fi amsa totur, ƙararsa ta yi tsini, mai shi na murna ashe fistan na dahuwa. In hunturu ya kama ka ƙara babban jet da mataki ɗaya ko biyu. Haka kuma Zariya tana kan tudu sama da mita 600, wanda aka saita a nan in aka kai shi Legas bakin teku zai nemi ƙarin mai.

Ka san kuma wane ɓangare ke aiki a wane lokaci. Ƙaramin jet na silo daga rufe zuwa wajen kwata na totur, allura daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet daga nan zuwa ƙarshe. Da yawa a kan allura suke kamawa, ana tafiya doguwa a rabin totur, su kuma suna ta canza babban jet. Saukar da kilif ɗin allura ƙasa na ɗaga ta, mai ya ƙaru. Lambar jet na Mikuni da na Keihin ba ma'auni ɗaya ba ne, kar ka kwatanta su, jet mara suna kuma lambar da ke jikinsa ba lallai ta zama gaskiya ba.

Duk lokacin da ka sa salansa mai tumbi irin wadda ake ƙerawa, ko ka cire akwatin iya kilina, ko aka buɗe tagogi, ka fara da jet babba har mashin ya riƙa tari yana nauyi a sama, sannan ka riƙa saukowa ɗaya-ɗaya. Gwaji da sabon filogi, a ja a giya babba totur a buɗe na ɗan lokaci, a kama kuloci a kashe nan take ba tare da an bar shi ya yi silo ba, a cire a duba. Ruwan ƙasa ake so, fari ƙal haɗari ne. Kuma a nemi fili a yi wannan, ba titin Kwangila zuwa Samaru da yamma lokacin da ɗalibai da 'yan Keke suka cika hanya ba. Wutsiyar salansa in ta yi siriri da yawa ita ma tana riƙe zafi a kan fistan.

Wani abu da ke kama da matsalar jet amma ba ita ba, shi ne mai ya kasa isowa. Hujin murfin tanki ya toshe, ko matatar famfo ta cika da tsatsa, a cikin gari ba za ka gane ba, sai an buɗe wuta a doguwar hanya kofin kafireto ya ƙafe. Ka cire tiyo ka ga yadda mai ke zuba, da murfi a rufe.

Silo ɗinsa na hawa da kansa, in na saki totur ba ya sauka da wuri. Da damuwa?

Da damuwa babba, kar ka sake hawansa. Iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba, oyil sil na gefen magneto, ko robar da ke tsakanin kafireto da inji ta tsage, ko gasket na gindin silinda, ko tsakanin karankes. Na gefen magneto iska yake sha, shi ne mai kashe fistan. Na gefen kuloci kuma man giya yake zuƙa, za ka ga farin hayaƙi mai wari da man giya na raguwa. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a toshe bakin salansa da na kafireto, a hura iska da famfon hannu zuwa wajen psi 5 ko 6, kar a wuce da yawa don kar a ture sil, a jira minti biyar a ga ko allura za ta sauka, in ta sauka a fesa ruwan omo a bi inda ke kumfa. Duk injin da ya kama ta gefen salansa a yi masa wannan kafin a tayar da shi da sabon fistan.

2T nawa zan zuba, kuma baƙin mai na mota ba zai yi ba?

Lissafin a lita ɗaya ta fetur, mililita 20 shi ne 50:1, mililita 25 shi ne 40:1, wajen 31 shi ne 32:1, mililita 40 kuma 25:1. Masu tsere da yawa a 32:1 suke zama, ƙaramin inji mai sanyaya da iska da ake matsa wa lamba gara ya karkata wajen mai yawa. Ka sayi sirinji babba a kemis ka riƙa aunawa, ka haɗa a jarka ka girgiza kafin ka juye, a daina zancen murfi biyu murfi uku. In ka zaɓi adadi ka zauna a kansa, don 2T ta cikin jet ɗaya yake bi da fetur, in ka ƙara shi da yawa fetur ɗin da ke wucewa ya ɗan ragu.

Ka duba jikin robar ka ga JASO FC ko FD. Mai rubutun TC-W3 na injin kwalekwale ne da ruwa ke sanyaya shi, ba na wannan zafin ba ne. Baƙin mai na mota kuwa ba a yi shi don ƙonewa ba, yana barin gawayi ya cika ramin ringi har ringin ya daskare, shi kuma ringi ta jikinsa ne zafin fistan ke tsallakawa zuwa bango.

Masu famfon 2T, wanda Yamaha ta kira Autolube tun 1964, famfon ba shi da laifi in yana aiki. Amma in an cire tiyonsa lokacin aiki sai an fitar masa da iska, kuma tankin farko a ɗan haɗa 2T a fetur don kariya. Wanda ya cire famfo ya koma haɗawa a tanki ya tuna cewa rufe totur na nufin rufe mai, in ka taho a guje ka saki totur gaba ɗaya inji na ta juyawa da sauri a gangara, ka kama kuloci ka riƙa ɗan murza totur.

Man bumburutu da filogi fa?

In kananzir ya shiga fetur ƙarfin jure matsinsa na faɗuwa, inji mai kwamfireshan sai ya soma wata 'yar ƙara ƙyas-ƙyas in an matsa masa, wannan ita ce nokin ɗin da ke cin gefen fistan. Mashin ɗin wasa a saya masa a gidan man da aka yarda da shi, kar kuma haɗin ya daɗe a ajiye. Filogi na NGK lamba babba ta fi sanyi, 9 ta fi 8, 8 ta fi 7, wanda aka taɓa injinsa yakan so a ƙara masa lamba ɗaya. Tayimin a bar shi inda kamfani ya sa sai in da dalili, a kuma duba ɗan makullin magneto ko ya yanke ya gusar da shi.

Na gama haɗawa, yaya zan yi ronin?

Ka shafa 2T a fistan da ringi da boris tun wajen haɗawa. Ka tayar ka bar shi ya yi ɗumi kana ɗan wasa da totur a hankali, ka kashe ya huce sarai, ka maimaita sau biyu ko uku, sannan ka sake bin notocin kai a gicciye. Fitar farko kar ka wuce rabin totur, kar kuma ka tsaya a gudu ɗaya, ka riƙa hawa da sauka kana canza giya, kar ka bar shi yana nishi a giya babba. Silindar ƙarfe da aka yi wa sabon borin ta fi mai rufin Nikasil buƙatar lokaci. Bayan ronin ma ɗumamawa ba ta ƙare ba, kullum sai ka taɓa jikin silinda ko lagireto ka ji ɗumi sosai kafin ka buɗe masa, balle da hunturu.

Ina cikin tafiya ya kama, da ya huce kuma ya tashi. In ci gaba?

A lokacin da abin ke faruwa kuloci za ka cafke kafin komai don taya ta sake, shi ya sa tsofaffin 'yan tsere ba sa ɗauke yatsa daga kansa. Alamar kan zo daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin nan, ƙarfi ya ragu kana ba shi wuta, ƙara ta canza ta bushe. Tashin da ya yi bayan ya huce ba warkewa ba ce, alminiyam na nan manne a bango, ringi wataƙila ya maƙale, zai sake kamawa a wuri ɗaya kuma wannan karon da silindar zai tafi. Ka cire salansa ka haska tocila ta tagar za ka ga zanen da idonka.

Alminiyam ɗin da ya manne ana cire shi da asid haidirokulorik a kan auduga, a ɗiga a wurin kawai, a waje inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau, kar ya taɓa alminiyam ɗin jikin tagogi, a wanke da ruwa sosai bayan nan. In farce na maƙalewa a zanen da ya rage, sai borin.

Sai ya kama ne ake canza fistan?

A'a, mashin ɗin tsere da awa ake lissafa masa ba da shekara ba, kuma 125 ya fi 250 saurin cinye nasa saboda ya fi juyawa. Ka auna kwamfireshan bayan ronin ka rubuta, in ya sauka da kamar kashi goma cikin ɗari, ko kik ya yi laushi, ko ka fara jin kwaram-kwaram na siket da safe, a buɗe a auna. Iya kilina na soso kuma a wanke a shafa masa mai bayan kowace fita in ƙurar hunturu ta sauko, a sa giris a bakinsa inda ya zauna jikin akwati.